Dan Allah ku daina ba mage farasitamol

Ƙwayar farasitamol guda ɗaya, irin wadda muke korawa da ruwa in kai ya sara, ta isa ta kashe mage. Ko rabinta ma tana iya yin aikin. Da wannan na fara saboda na san ba kowa ne zai kai ƙarshen rubutun nan ba, toh in ma a nan ka tsaya aƙalla ka tafi da wannan ɗin, ka kuma faɗa wa mutanen gidanku.

Abun da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya shi ne, yawancin maguna da karnukan da na ga guba ta kashe a unguwarmu nan Jos ba wani maƙiyi ne ya zuba musu ba, duk da dai kullum zargin da ake fara yi kenan, a ce ai makwabci ne ya sa wa karen abu don yana hana shi barci da haushi. Eh ana yin hakan, ban musa ba. Amma sau da yawa in ka bi diddigi sai ka tarar mai dabbar ne da hannunsa, kuma don tausayi, ya ga ba ta da lafiya ya buɗe durowar magani, ko ya juye mata ragowar miya don kar ta kwana da yunwa, ko ya wanke ta da maganin ƙwari don kaska ta addabe ta. Gani muke duk abun da ya yi mana amfani zai yi musu in dai an rage yawansa. Jikinsu kuwa ba haka yake aiki ba sam.

Ga yadda abun yake game da farasitamol. Mu in muka sha, hantarmu tana da wani sinadari da yake kama maganin ya sarrafa shi ya fita ta fitsari. Ita mage wannan sinadarin kaɗan ne ƙwarai a hantarta, haka Allah ya halicce ta, dan haka maganin sai ya bi wata hanyar a jikinta ya rikiɗe ya zama guba, ya lalata jajayen ƙwayoyin jini har su kasa ɗaukar iskar da ta shaƙa. Tana numfashi amma jikin ba ya samun iskar. Likitocin dabbobi sun ce daga miligiram 10 a kan kowane kilo ɗaya na nauyin mage ana iya fara ganin illa. Babbar mage ba ta cika wuce kilo 3 zuwa 4 ba, ƙwayar da muke saya a kemis kuma miligiram 500 ce. Ku yi lissafin da kanku, ya ninka fiye da sau goma. Kuma ku tuna sunan da ke jikin kwali ba shi ne abun dubawa ba, Panadol farasitamol ne, sirof ɗin zazzaɓin yara shi ne, magungunan mura da yawa ma akwai shi a ciki.

Na ga wannan da idona a gidan makwabciyarmu. Kyanwarta ce ƙofa ta datse wa ƙafa, tana ɗingishi tana kuka, baiwar Allah ta kasa jurewa, ta daka rabin ƙwaya ta cakuɗa da kifin gwangwani ta ba ta da daddare, ita kuwa ta cinye tas. Da safe ta leƙo ta katanga tana cewa "Yaya, dan Allah zo ki duba min kyanwar nan, ban gane mata ba." Na same ta a kwance bayan randa, fuskar ta kumbura har idanun sun shige, tafin ƙafafun gaba ma sun kumbura, baki a buɗe tana haki da sauri da sauri. Na ɗaga leɓenta na duba dasashi. Dasashin lafiyayyar mage ja-ja ne mai haske, nata kuwa ya koma ruwan ƙasa kamar dafaffiyar hanta. Muka naɗe ta a tsohon zani muka tari keke, likita ya yi iya yinsa amma ba ta kai yamma ba. Ya ce mana akwai maganin da yake karya wannan gubar, NAC suke ce masa, sai dai a awannin farko yake da ƙarfi, kafin jinin ya gama lalacewa. Matar nan ta yi kuka sosai, tana ta cewa ita fa ciwon take so ta rage mata. Ni ban ga laifinta ba wallahi, ba wanda ya taɓa faɗa mata, kuma na tabbata a layinmu kaɗai da za a tambayi gida goma, tara abun da za su yi kenan.

Kare ya fi mage jure farasitamol, likita ma yakan rubuta masa shi wani lokaci bayan ya auna nauyinsa, amma in ya yi yawa hanta yake ci. Waɗanda suka fi yi wa kare illa su ne sauran magungunan ciwon jiki, ibufurofen da diklofenak da danginsu, waɗanda kusan babu gidan da ba su a ciki musamman in akwai tsoho mai ciwon gwiwa. Suna huda cikin kare su sa masa gyambo, ka ga yana amai da jini ko kashinsa ya koma baƙi ƙirin, sannan su taɓa ƙoda. Mage kuwa ba a ma magana. Asfirin ma jikinta yana ɗaukar kwanaki kafin ya fitar da shi. Har man zafi da muke shafawa a baya ko gwiwa, kar a shafa wa kare a ƙafar da ta gurɗe, don kana juya baya zai lashe shi tas, abun da aka yi don fata ya koma ciki. Flagyl da ake saurin ba kare in yana zawo, in aka zarce ƙima yana taɓa ƙwaƙwalwa, ka ga kare yana tangaɗi idonsa na rawa. Sai kuma ƙwayoyin Baba da Hajiya na hawan jini da ciwon suga, ɗaya ta faɗi ƙasa ta gangara ƙarƙashin kujera, kwikwiyo ya tsince ta. Kwikwiyo ba ya tambaya, duk abun da bakinsa ya kai haɗiyewa yake.

Kuma dan Allah a gane, mai kemis ba likitan dabbobi ba ne. Ko da ya ƙware a maganin mutane, in ka ce masa karena ba ya cin abinci zai haɗa maka abun da ya saba haɗa wa mutum ne kawai.

Yanzu bari in zo kan kaska da ƙuma, don nan ne ake ɓarna mafi yawa a ganina, musamman da damina lokacin da ciyawa ta tashi kaska ta cika kunnen kare da tsakanin yatsunsa. Mutum ya gaji da cirewa da hannu sai wani ya ba shi shawara ya ɗiga fiya-fiya a ruwa ya wanke karen, ko ya shafa masa a bayan wuya. Fiya-fiya da Sniper da ire-irensu sinadarin da ake rubutawa DDVP ne a cikinsu, maganin ƙwarin gona ne, kuma ba sai an sha ba, ta fata ma yana shiga jini. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da shaguna saboda yadda yake cin rayukan mutane, amma kowa ya san har yau ana samu. Karen da ya kamu za ka ga yawu na dalala kamar an buɗe famfo, hawaye, zawo, fitsari ba tsayawa, ƙwayar idon ta ƙanƙance, naman jikinsa na rawa, daga nan numfashi ya gagara. Kaskar ta mutu, karen ma ya bi ta, garin neman gira an rasa ido. Akwai allurar da take taimakawa sosai in an kai shi da wuri, atirofin, amma wannan aikin likita ne. Haka in kun fesa wa ɗaki don sauro ko kuɗin cizo, ku fitar da mage da kwanon abincinta da na ruwanta, kar ta dawo sai an buɗe tagogi an goge ƙasa.

Wannan batun goge ƙasar yana da muhimmanci ga mage fiye da yadda ake zato. Ku lura da ita in ta gama yawo ta samu rana ta zauna, sai ta ɗaga ƙafa ta lashe tafin, ta shiga tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta jiƙa ƙafar da yawu ta goge fuska da bayan kunne, ta juya ta bi gadon bayanta har wutsiya. Kaso mai yawa na lokacin da take a farke a wannan wankan yake tafiya. Ma'ana duk abun da ta taka ko ya taɓa gashinta a cikinta zai ƙare. Shi ya sa Dettol da Izal da muke zubawa a ruwan mofin suke mata illa, irin sinadaran da ke cikinsu ma hantarta ba ta iya sarrafa su da kyau. A bari ƙasa ta bushe kafin ta shigo, kuma kar a wanke mata ciwo da su, ruwan ɗumi mai tsabta ya wadatar kafin a ga likita. Kafur da muke jefawa cikin akwatin kaya da banɗaki shi ma guba ne in suka tauna.

Akwai wani kuskuren da ya fi kama waɗanda suke ganin sun yi abun da ya dace, sun je shagon kayan dabbobi sun sayi maganin kaska na gaske, irin wanda ake ɗigawa a bayan wuyan kare, ya rage kaɗan sai su ce bari a ɗiga wa magen ma. Da yawa daga cikin na karnuka akwai famitirin a ciki, kare yana ɗaukarsa lafiya lau, mage kuwa jijjiga yake sa ta, kunnuwa da fatar baya su fara motsi da kansu, jiki ya ɗauki karkarwa, ta faɗi tana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Ko ba a ɗiga mata ba, in tana kwana jikin karen ko tana lasarsa tana iya kamuwa, kuma a sanyin Jos na Disamba da Janairu kun san yadda suke cusa jiki wuri ɗaya in sun saba da juna. In kwalin bai ce na mage ba ne toh ba nata ba ne. Haka allurar ibamektin ta shanu da awaki da ake saya a zuƙa da ka a tsira wa kare, maganin kansa yana da amfani amma an haɗa shi ne da ƙarfin da ya dace da sa mai kilo ɗaruruwa, ɗan kuskure a sirinji sai kare ya makance ko ya suma. Baƙin mai da kananzir da ake shafa wa mai ƙazuwa kuwa, wannan azaba ce kawai, fata ta ƙone ciki ya lalace.

Na san akwai mai karantawa yana cewa duk wannan dogon bayani a kan kare da mage, mutane ma ba su samu magani ba. Na ji, kuma ban raina wahalar da ake ciki ba. Amma duk wanda ya ajiye dabba a gidansa ya ɗauki amana, ba wanda ya tilasta masa. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema ba, da mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishi. Karen da yake kwana a waje cikin wannan sanyin yana gadin gidanka, kai kana cikin bargo, bai cancanci ya mutu yana murƙususu saboda ba ka yi tambaya ba. Kuma akasarin abun da nake faɗa ba kuɗi yake ci ba, bari ne kawai.

Maganin ɓera. Wanda ya fi yawa a kasuwa, irin mai launin shuɗi ko ja ko kore, hana jini daskarewa yake yi, kuma mugun halinsa shi ne ba ya nunawa nan take. Kare ya ci yau, gobe yana wasa, jibi yana wasa, mai shi ya ce alhamdulillahi bai kama shi ba, sai bayan kwana 3 zuwa 5 ya fara kasala, dasashi ya yi fari, jini ta hanci ko a fitsari ko a kashi, wani ma a cikin ƙirji jinin yake taruwa ba ka ganin komai sai haki. Maganinsa bitamin K1 ne kuma makonni ake yi ana ba shi. Dan haka in ka ga ya ci kar ka jira alama. Akwai kuma baƙin garin nan mai wari, shi in ya haɗu da ruwan ciki iska mai guba yake fitarwa, har mutumin da ya sunkuya kan aman karen yana iya shaƙa ya cutu, a fitar da shi fili. Wasu kuma kafson Indocid suke buɗewa su barbaɗa a kan busasshen kifi su ajiye bayan buhu, toh wa ya fi mage son busasshen kifi? Indocid ɗin ma dangin su diklofenak ne. Ɓeran da ya ci guba kuma ba ya gudu sosai, shi mage take fara kamawa. Ni a ganina gidan da ke da mage tarko ya kamata ya yi amfani da shi, in kuma dole sai an sa magani a sa shi inda ɓera kaɗai zai iya shiga, a riƙa kwashe mushen da safe ana binnewa.

Sai abinci, kuma a nan albasa ce babba. Mu nan komai namu da albasa ne, miyar dage-dage, jalof, dafa-duka, wake, ƙosai, ƙwai da indomi, tsire da balangu kuwa har ƙari ake roƙa. A yi sayayya a kasuwar Farin Gada a cika kwando da ita. Kuma yawancin karnukanmu ragowar tukunya suke ci, ba wani abincin leda. Albasa da tafarnuwa da ganyen albasa suna da sinadarin da yake fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare da mage, kuma dafuwa ba ta kashe shi, soyawa ba ta kashe shi, busasshiya da garinta ma sun fi ƙarfi tunda ruwan ya fita. Tafarnuwa ta fi albasa ƙarfi, mage kuma ta fi kare saurin kamuwa, kusan giram 5 na albasa a kan kowane kilo ya isa ya taɓa jininta, wato 'yan yanka kaɗan. Kare yana buƙatar fiye da haka, wajen giram 15 zuwa 30 a kan kilo, shi ya sa mutum zai ce ai ni shekara da shekaru nake ba shi miya bai mutu ba. Gaskiya ne bai mutu ba, amma kaɗan-kaɗan na kullum yana taruwa, sai ka ga kare ba kuzari, ya ɗan yi gudu ya kwanta yana haki, fitsarinsa ya yi ja ko ya yi duhu, a ce shawara ce ko sammu. Kuma alamar takan zo ne bayan kwanaki, lokacin an manta da abun da ya ci. Masu ɗura wa kare tafarnuwa wai tana kashe tsutsar ciki ko tana korar kaska, dan Allah ku bari, maganin tsutsa na gaske yana nan kuma ba shi da tsada.

Abun da nake yi ba wahala, kafin in zuba albasa da yaji a tukunya nake ɗibar nasu, ɗan tuwo ko shinkafa da romon nama ko kan kifi da aka tafasa shi kaɗai. In an sayo tsire kuma yara suna so su ba mage, su karkaɗe yajin su cire albasar su ba ta tsokar kawai.

Cakulan kowa ya ji labarinsa, amma mu a nan akwai wanda ya fi shi kusa da mu, goro. Sinadaran da suke sa cakulan ya zama guba ga kare, kafeyin da tiyoburomin, su ne dai a cikin goro, su ne suke wartsake Baba in ya tauna. Jikin kare yana jinkirin fitar da tiyoburomin, sai ya yi wajen awa 17 kafin rabinsa ya fita, dan haka zuciya ta yi ta bugawa da sauri, ya kasa zama wuri ɗaya, amai, ƙishi, in ya yi yawa jijjiga. Ranar ɗaurin aure ko suna da ake rabon goro da alawa a faranti a ajiye a ƙasa kan tabarma, a kula da kwikwiyo. Cakulan kuma gwargwadon duhunsa da ɗacinsa gwargwadon haɗarinsa, garin koko ya fi duka. Ragowar kofi da ganyen shayi da lemon ƙara kuzari duk layi ɗaya ne.

Inabi da busasshensa zabibi suna kashe ƙodar kare, kuma abun ba shi da tabbataccen ma'auni, wani ya ci da yawa ya tsira wani 'yan ƙwayoyi su kwantar da shi. An daɗe ba a gano dalili ba, sai a 'yan shekarun nan likitocin dabbobi a Amurka suka danganta shi da wani sinadari mai tsami da ke cikin inabin, kuma a rahoton da suka fitar a 2022 har da karnukan da ƙodarsu ta lalace bayan sun ci tsamiya, don ita ma tana da wannan sinadarin da yawa. Wannan ya shafe mu kai tsaye, wane gida ne ba curin tsamiya a kicin? A ɗaga ta sama, kuma ragowar kunun tsamiya da ake juye wa kare da azumi a daina. Kek ɗin Kirsimeti da makwabta suke aiko mana shi ma sau da yawa da zabibi a ciki, mu ci abunmu mu gode, kar a gutsura wa kare.

Cingam da alawar da aka rubuta ba suga a jikinsu, da wasu man goge baki, ana sa musu wani abun zaƙi da ake kira zailitol. A jikin kare yana faɗar da sugan jini warwas, wani lokaci cikin rabin awa, ya yi laushi ya faɗi, kuma yana iya lalata hanta. Jakar hannu da ake yarwa a kan kujera ita ce hanyar da suka fi samunsa. Kullun masa da kwaɓin fanke ko burodi da aka sa wa yis aka rufe aka ajiye a rana, in kare ya sha zai ci gaba da tashi a cikinsa, ciki ya kumbura kuma ya riƙa fitar da giya tana shiga jini. Giyar kanta da burkutu, masu ba kare don a yi dariya, wannan zalunci ne. Madara ba guba ba ce amma yawancin manyan maguna zawo take sa su. Fiya, wato avocado, da muke da ita da yawa a Filato ta fi illa ga tsuntsaye da zomaye da awaki, ga kare ƙwallon ne matsala in ya haɗiye ya toshe hanji. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya yi tsini.

Toh in abun ya riga ya faru fa? Na san abun da hannu yake fara kaiwa, manja. An ɗaure kare an buɗe baki an ɗura manja, ko madara, ko ruwan gishiri don ya yi amai. Manja ba ya karya guba, kuma dabbar da take jijjiga ko ta galabaita ba ta iya haɗiya daidai, sai man ya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu, an ƙara mata wata cutar a kan wadda take ciki. Irin su fiya-fiya ma a cikin mai suke narkewa. Ruwan gishiri mai yawa shi kansa yana kisa, yana kumbura ƙwaƙwalwa. Gawayin murhu kuma ba shi ne gawayin da likita yake bayarwa ba, wancan sarrafa shi aka yi musamman don ya kama guba. Mage dai kar a taɓa gwada sa ta amai a gida ta kowace hanya. In kananzir ne ko fetur ko bilic aka sha, amai ƙara ɓarna yake, don zai sake ƙona hanyar da ya bi.

Abun yi shi ne ka raba ta da abun, ka ɗauki kwalin ko kwalbar ko ledar ko ka ɗauki hotonsa a waya, ka tuna ƙarfe nawa abun ya faru da kimanin yawan da ta ci, ka kira likita kana hanya. In a jiki aka shafa, a wanke da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulun wanke kwanuka, a sa leda ko safar hannu, a tsane ta sosai a naɗe da tawul kar sanyi ya ƙarasa ta. Awa biyun farko su ne likita yake iya fitar da abun daga ciki kafin ya bi jini. Kuma dan Allah in kun je ku faɗi gaskiya, kar kunya ta sa a ce ba a san me ya same ta ba alhali an san an ba ta ƙwaya. Likita ba alƙali ba ne, kuma kowace guba da maganinta daban, in ka ɓoye masa sai ya yi ta lalube lokaci na tafiya.

Mu mutanen Jos ma Allah ya yi mana gata a wannan fannin. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa tana Vom tun 1924, ga kwalejin koyon kula da lafiyar dabbobi a can, Jami'ar Jos tana da sashen likitancin dabbobi da asibitin koyarwa, ga masu zaman kansu a cikin gari da Bukuru. Garuruwa da yawa sai an yi tafiya mai nisa kafin a ga likitan dabbobi guda. Ranar da ka kai kare allurar rigakafin haukan kare, wadda dama ya kamata a riƙa yi duk shekara, ka karɓi lambar likitan ka ajiye a waya, ka tambaye shi ko yana ɗauka da dare, don irin wannan abun bai san lokacin tashi daga aiki ba.

Sannan ba kai kaɗai ne kake ciyar da dabbar gidanka ba, ko da kana zaton haka. Yara suna ba ta, mai aiki tana juye mata kwanuka, Baba mai gadi ya fi kowa kusa da karen kuma shi ne zai fara ganin kaska ya nemo magani da kuɗinsa don kyautatawa, baƙi da Sallah suna jefa mata abun da ke hannunsu. Ku zaunar da su ku yi musu bayani da bakin da za su gane, ba da faɗa ba. Ni na rubuta a takarda na manna a jikin ƙofar kicin, farasitamol da duk maganin mutane, albasa da tafarnuwa, goro da cakulan, inabi da tsamiya, cingam, fiya-fiya, a ƙasa kuma lambar likita da tawa. Wanda bai iya boko ba a karanta masa, ko a rubuta masa da ajami.